Guzurin Dattijo Kafin Ranar Fiɗa

 Maganar da muke tafe da ita yau a kan iyayenmu ne da suka manyanta, sa'ad da likita ya duba ɗayansu ya ce ciwon nan ba ya jin ƙwaya ko allura, sai an yi aiki, watau fiɗa, abin da mutanen yanzu suka fi kira tiyata.

Ka sani, ya kai mai karatu, a wajenmu idan aka ce za a yi wa tsoho aiki, abu biyu gida yakan tashi a kansu: neman kuɗi da roƙon Allah. Dukansu biyu suna kan hanya. Amma akwai na uku da aka saba mantawa, shi ne shirya jikin tsohon kansa tun da sauran makonni. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su taɓa ɗora kaya a kan jakin da ya rame suka ce ya murmure a hanya ba. Tun a gida ake kiwonsa, a duba kofatonsa, a gyara akumari, kana madugu ya sa ranar tashi. To, fiɗa ma tafiya ce mai nisa, jikin tsoho kuwa shi ne abin hawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasali na farko: abin da ya raba tsoho da yaro a gaban wuƙa

Aikin fiɗa ba baƙo ba ne ga ma'abota ilmi. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe juzu'i na 30 na littafinsa Attasrif ga fiɗa da kayan aikinta. Daga baya aka sami maganin sa barci, wanda aka nuna a bainar jama'a a birnin Boston na Amurka a 1846, sa'an nan a 1867 likita Lista na ƙasar Birtaniya ya bayyana hanyar tsare rauni daga ƙwayoyin cuta. Da waɗannan biyu wuƙa ta rage zafi da haɗari ƙwarai. Abin da ya saura shi ne ƙarfin jikin wanda za a yanka.

Misalinsa kamar 'yan kasuwa biyu ne da gobara ta taɓa rumfunansu rana ɗaya. Ɗaya yana da jari ajiye a gida, bayan kasuwa biyu sai ga shi ya sake baza kaya. Ɗayan kuwa abin da ke rumfar shi ne iyakar abin da ya mallaka, sai ya durƙushe. Zuciyar tsoho da huhunsa da ƙodarsa suna iya ɗaukar hidimar yau da kullum, amma ajiyarsu kaɗan ce. Yanka kuwa, kome ƙwarewar mai yinsa, rauni ne, jiki kuma yakan ci tsokar kansa domin ya ɗinke shi.

Kwanciya ma tana da nata cin. A 2007 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka, inda aka kwantar da tsofaffi masu lafiya a gado kwana 10 ba tashi, aka tarar tsokar ƙafafunsu ta ragu da kusan kilo 1. Waɗannan fa lafiyarsu ƙalau, ba wanda ya yanka su. Saboda haka likitocin yanzu ba shekaru kaɗai suke ƙirgawa ba. Sukan tambaya: yana zuwa masallaci da ƙafarsa? Yana tashi daga kujera ba tare da ya dafa ba? Rigarsa ta yi masa yawa a watannin nan? Sau da yawa ɗan shekara 80 mai zuwa gona ya fi ɗan 65 da ya zauna wuri ɗaya jure wuƙa.

Fasali na biyu: inda ake rasa mutane

Mutane suna tsoron ɗakin fiɗa, suna cewa wanda aka shiga da shi sai wani ikon Allah. Ga abin da ƙididdiga ta nuna. A 2016 likitocin Afirka, bisa jagorancin Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Kef Tawun, suka bi sawun mutum 11,422 da aka yi wa aiki a asibitoci 247 na ƙasashe 25, har da Nijeriya, aka buga sakamakon a 2018. Kusan mutum 1 cikin 5 ya gamu da wata matsala bayan aiki. Mutum 239 suka rasu. Daga cikinsu 225 sun wuce ranar aikin da ransu, a kwanakin jinya ne ajali ya same su. Fiye da rabin ayyukan kuma na gaggawa ne, watau an kawo mutum bayan ciwo ya ci ƙarfinsa. An kuma tarar ƙwararrun likitocin fiɗa da na haihuwa da na sa barci, in an haɗa su, ba su kai 1 ga kowane mutum 100,000 ba a yankunan waɗannan asibitoci.

Darasi biyu ke cikin wannan lissafi. Na ɗaya, mafi yawan haɗarin yana cikin kwanakin da ke biye da aiki, inda ƙarfin da mutum ya zo da shi daga gida yake yin rana. Na biyu, ma'aikata kaɗan ne, marasa lafiya da yawa, saboda haka idon dangi yana da babban matsayi a bakin gado.

Fasali na uku: a zaɓi rana kafin rana ta zaɓi mutum

Cututtukan da suka fi kai dattawanmu ga wuƙa sanannu ne: kaba da gwaiwa, da toshewar fitsari saboda kumburin tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da yanar ido, da maƙoƙo, da saukowar mahaifa ga tsofaffin mata, da karayar ƙugu bayan faɗuwa. In ka debe karaya, duk sauran suna ba da sanarwa tun da wuri, wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Mu ɗauki misalin dattijo mai sayen hatsi, wanda kaba ta fito masa a matsematsi. Da ya kwanta sai ta koma, saboda haka ya ce ba kome. Da damina ya ce sai an gama noma, da kaka ya ce sai an gama awo, da rani ya ce sai farashi ya tashi ya sayar. Ran nan da dare, bayan ya taya yara ɗaga buhun masara, kumburin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, amai ya biyo, ba bayan gida, ba tusa. Wannan alama ce hanji ya shaƙe, jini ya daina isa gare shi, kuma cikin sa'o'i kaɗan yana iya ruɓewa. Aikin da a da za a yi cikin sauƙi, a kashe wurin kaɗai da allura mutum yana ido biyu, ya koma buɗe ciki da yanke hanji, ga tsoho ya galabaita, ga ba a tanadi jini ba.

Wannan magana ta fi nauyi a kanmu bisa mutanen birni. Mutumin Sabuwa da aikinsa ya fi ƙarfin asibitin kusa, sai ya bi ta Ɗandume zuwa Babban Asibitin Funtuwa, in abin ya yi tsanani a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Na Faskari ma Funtuwa yakan nufa, na Ƙanƙara kuwa ko Malumfashi ko Katsina. Kowa ya san abin da hanyoyin nan suka gani daga 'yan bindiga a shekarun baya, har a 2021 aka rufe layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomin nan uku da maƙwabtansu. Ko a lokacin da hanya ta lafa, neman mota da tsakar dare da mara lafiya yana murƙususu ba abin da mai hankali zai jawo wa kansa ba ne. Wanda ya je da ƙafarsa da rana tsaka, aka sa masa rana nan da mako 4 ko 6, ya sami abin da mai gaggawa ba ya samu, watau lokacin yin guzuri.

Fasali na huɗu: guzuri biyar

Guzuri na farko, ƙafa. Da an sa ranar aiki, gida yakan ce Baba ya kwanta ya huta, a hana shi ko ɗaukar buta. Niyyar kyakkyawa ce, amma cutarwa ce. Abin da ake so shi ne ya riƙa tafiya kullum, da safe da la'asar sa'ad da rana ta yi sanyi, ya fara da abin da zai iya, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai wajen minti 30 a yini. Ma'aunin saurin shi ne numfashinsa ya ɗan ƙaru amma yana iya amsa gaisuwa. Ya kuma zauna a kan kujera mai ƙarfi ya miƙe, ya zauna ya miƙe, sau 10, ya maimaita haka sau 2 ko 3 a yini, jika yana tsaye kusa. Wannan ƙarfin cinya shi ne zai sauko da shi daga gadon asibiti. In ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya, a gaya wa likita. Mai kaba kuwa ya yi tafiya, amma ya bar ɗaukar kaya mai nauyi.

Guzuri na biyu, abinci. Tsohonmu yakan wuni a kan koko da safe, goro da rana, tuwo kaɗan da dare, in ga nama a miya sai ya miƙa wa jikoki. Tuwo yana ba da ƙarfin yini, amma ba shi ke ɗinke rauni ba. Abin da ke gina tsoka shi ne wake da waken suya da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi da nama, Allah kuwa ya hore wa ƙasarmu yawancinsu. Masana sun ƙiyasta cewa tsoho mai nauyin kilo 60 yana bukatar wajen giram 70 na wannan sinadari mai gina jiki a yini, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ke cikinsa. Ka ga ashe sai an sa shi cikin kowane ci: ƙosai ko alala da safe, fura da kindirmo da rana, awara da la'asar, miyar zogale ko ta wake da kifi da dare. Wanda haƙora suka gaza, a dafa masa ya yi laushi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6. Masu cewa ƙwai da nono suna sa rauni ya yi mugunya, maganarsu ba ta da tushe; ƙwayar cuta ke kawo mugunya, yunwa kuma ita ke buɗe mata ƙofa. Mai ciwon ƙoda da mai ciwon suga su kam sai su bi abin da likita ya tsara musu. Wanda ya saba azumin nafila, in jikinsa ya rame, ya shawarci likita da malaminsa a kan jinkirta shi har ya warke.

Guzuri na uku, jini. Tsofaffi da yawa suna yawo da ƙarancin jini ba su sani ba, suna ɗora kasalar a kan shekaru. Kowane aiki yana zubar da jini, kaɗan ko mai yawa, wanda ya shiga da rabin tulu kuwa shi ya fi saurin ganin gindinsa. A nemi a auna jinin tun ranar da aka sa lokacin aiki, gama ƙwayar ƙarin jini tana bukatar makonni kafin ta yi tasiri, ba ta aikin dare ɗaya. A haɗa da hanta da ganye, a sha lemo ko a ci gwaiba bayan abinci, a nisanta shayi daga lokacin shan ƙwayar domin yana hana ta shiga jiki. Haka kuma hawan jini da ciwon suga: a daidaita su tun a gida. Dattawa nawa aka kai har ƙofar ɗakin fiɗa aka komo da su saboda awo ya nuna jini ya hau, kuɗin mota ya tafi a banza. Suga in ya yi yawa yana hana rauni haɗewa, yana kuma kiran ƙwayoyin cuta.

Guzuri na huɗu, numfashi. Bayan aikin ciki mutum yakan ji tsoron jan numfashi sosai saboda zafi, sai majina ta kwanta a gindin huhu ta zama ciwon nimoniya, wanda yake cikin manyan masu kashe tsofaffi bayan fiɗa. Maganinsa a koya tun a gida: ya zauna ya miƙe baya, ya ja iska ta hanci a hankali har ƙirji ya cika, ya riƙe kaɗan, ya saki ta baki, sau 10, safe da rana da dare. Mahaddata da suka saba jan dogon numfashi a wajen tilawa ba za su sha wuyar wannan ba. Mai shan taba kuwa ya ajiye ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa wanda ya bar taba mako 4 ko fiye kafin aiki, matsalolinsa sukan ragu, rauninsa kuma ya fi saurin warkewa. Tsohuwa ma a ɗauke mata zaman murhu a ɗaki mai hayaƙi. A kuma tsabtace baki da asuwaki ko buroshi safe da dare, domin ƙwayoyin cutar baki suna gangarawa huhu.

Guzuri na biyar, gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tattara dukan abin da tsoho yake sha a zuba cikin jaka ɗaya a kai gaban likita: na asibiti, da na kemis, da na mai talla a kasuwa, da jiƙo da tsimi da sassaƙe da gari. Asfirin da wasu magungunan tsinka jini suna sa jini ya ƙi tsayawa. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake sha kullum ba ƙa'ida suna cin ƙoda da bangon tumbi. Wanda ya saba da taramol ko maganin barci ya faɗa, domin likitan sa barci ya san awon da zai yi masa. Sassaƙe kuwa ba wanda ya san iyakar ƙarfinsa in ya gamu da allurar barci, shi ya sa likitoci sukan so a dakatar da shi wajen mako 2 kafin aiki. Kada mutum ya tsai da maganin asibiti da ra'ayin kansa, kada kuma ya ɓoye na gida don kunya. A faɗi ma in ya taɓa faɗuwa, ko yana mantuwa, ko wani magani ya taɓa yi masa borin jini.

Fasali na biyar: shirin zuciya da na gida

Akwai al'adar da muke yi da sunan tausayi: 'ya'ya su shiga wurin likita su bar uba a waje, su fito su ce masa ɗan wanki ne za a yi. Sai tsoho ya farka ya ga roba a hanci, roba a mafitsara, ya ga an yaudare shi, ya ƙi abinci, ya ƙi magani. Jikinsa ne, shi ya fi cancanta ya ji. A zaunar da shi gaban likita, babban ɗa ko 'ya su yi tambaya a madadinsa in yana jin nauyi: Likita, mene ne za a yi? In ba a yi ba, me zai faru? Barci za a sa shi, ko allurar baya ce mai kashe rabin jiki? Kwana nawa zai yi a gado? Yaushe zai koma kasuwa ko makaranta? In ya ji ya yarda, sa'an nan ya sa hannu. In kuwa ya ji ya ce a bar shi, wannan ma magana ce da za a saurara, a auna ta tare da likita.

Ɗan kasuwa ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya nuna wanda zai riƙe rumfa. Malam ya wakilta wanda zai zauna da almajirai. Yin haka ba kiran mutuwa ba ne. Kowane matafiyi yana barin sallahu, zuciyar da ta sauke kaya kuma ta fi samun barci. Hukuncin salla a zaune ko a kwance, da taimama sa'ad da aka hana ruwa taɓa wuri, ku malamai kun fi mu saninsa. Abin da muke roƙo shi ne a karanta wa tsoho shi tun kafin ya tafi, musamman wanda za a cire wa yanar ido, gama akan hana shi sunkuyawa da sa ruwa a idon na wasu kwanaki, in bai sani ba sai ya saɓa don tsoron rasa salla.

A zaɓi mai jinya tun da wuri, mutum mai natsuwa wanda tsohon ya saba da shi, mai iya tambaya ba tare da tsoro ba, a kuma sa masa mai canji. A nemi mutum 2 ko 3 cikin dangi, baligai masu lafiya, su je a auna jininsu, domin asibitocinmu sukan nemi dangi su ba da jini kafin babban aiki. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, jikin mai lafiya kuma yana mayar da ita. Wajen kuɗi, a lissafa har da na magani da abinci da mota da komawa a duba rauni, kada a sayar da amfanin gona daidai kuɗin wuƙa kaɗai.

Fasali na shida: jajibiri da ranar aiki

Za a ce kada ya ci kome daga sa'a kaza. Dalili shi ne mai barcin allura ba ya iya tare amai, in tumbi da abinci sai ya kwarara cikin huhu. Wani likita a birnin Niyok mai suna Mendelson ya bayyana wannan haɗari tun 1946. Ƙa'idar da aka fi bi yanzu ita ce a bar abinci sa'a 6 kafin aiki, mai maiƙo sa'a 8, ruwa zalla kuwa sa'a 2, amma abin da asibitinku ya faɗa shi za a bi. Koko da kunu da fura da nono duk abinci ne, goro ma haka. Rubutun sha a ba shi kafin lokacin hanin ya shiga, in ya shiga sai a wadatu da tofi. In an yi kuskure ya ci wani abu, a faɗa; ɗaga aiki ya fi asarar rai. A tambaya kuma wace ƙwaya zai sha da safen da kurɓin ruwa, wace zai bari, musamman ta suga.

Ya yi wanka da sabulu, ya sa tufafi wankakku. Kada a kira wanzami ya aske wurin da za a yanka, gama aska tana barin ƙananan tsaga inda ƙwayar cuta ke samun mafaka, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi hani da haka cikin ƙa'idodinta na 2016. In gashi zai hana aiki, ma'aikata za su rage shi da kansu. A tafi da tabaransa da haƙoran roba in yana da su, da carbinsa, da bargo, domin tsoho ba ya jure sanyi. In ma'aikata suka yi ta tambayar sunansa da gefen da za a yi wa aiki, kada a ji haushi. Tsari ne da hukumar nan ta fitar a 2008 domin kada a yi kuskure, an kuma gwada shi a asibitoci 8 na duniya, har da ɗaya a Tanzaniya, aka ga mace-mace sun ragu.

Fasali na bakwai: bayan an fito

Dā can akan bar wanda aka yi wa aiki kwance mako guda, ba ci ba motsi. Wani likitan fiɗa na ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna a shekarun 1990 cewa wanda aka kashe masa zafi sosai, aka ba shi abinci da wuri, aka tashe shi da wuri, ya fi saurin komawa gida. Saboda haka in nas ta ce a zaunar da Baba a bakin gado washegari, ko a taka da shi zuwa ƙofa, ba rashin imani ba ne. Kwanciya ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya tashi ya toshe huhu, ita ke kawo gyambon baya. In zai yi tari ya danna matashi a kan raunin. In yana jin zafi ya faɗa, dauriya a nan ba ta da amfani, domin mai jin zafi ba ya numfashi sosai, ba ya tashi.

Akwai kuma wani abu da ke firgita dangi. Kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, sai dattijo mai cikakken hankali ya fara sambatu, ya kasa gane ɗansa, ya ce ga mutane a bango, ya kama fizge roba. Wani kuwa sai ya yi shiru ya yi ta barci. Nan da nan sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu, har a nemi a sace shi daga asibiti. Wannan ruɗewa sananniya ce ga tsofaffi bayan fiɗa, kuma sau da yawa ƙararrawa ce: ko zazzaɓi ya shiga, ko ruwan jiki ya ƙare, ko fitsari ya taru, ko iska ba ta isa huhu, ko wani magani ya yi masa ƙarfi. A kira ma'aikata a take. A sa masa tabaransa, a buɗe taga da rana, a rage 'yan dubiya, wanda ya sani ya zauna kusa yana gaya masa inda yake da ranar da ake ciki. Yawanci takan wuce in an gano sababinta.

Mai jinya ya riƙe alamun nan kamar yadda yake riƙe lissafin kasuwa: zafin jiki, numfashi da sauri, ruɗewa, fitsari ya ragu, ciki ya kumbura da amai, rauni ya yi ja ko yana ruwa, ƙafa ɗaya ta kumbura. Kowace ya gani, ko da tsakar dare ne, ya je ya faɗa, in ba a zo ba ya koma cikin ladabi ya sake faɗa. In an sallame su, wanda gidansa ke nesa ya fi kyau ya sauka wurin ɗan'uwa a Funtuwa ko Zariya na 'yan kwanaki, har a ga rauni ya kama. Kada a shafa wa raunin toka ko gari ko man kaɗanya. Ya ci gaba da tafiyarsa da cin abincinsa, buhu kuwa da hawan babur a hanya mai gargada sai ranar da likita ya yarje.

Wanda kuma abin ya zo masa ba shiri, kamar tsohuwar da ta zame a makewayi ƙugunta ya karye, guzurinta shi ne sauri. Irin wannan karaya tana can ciki inda karan ɗori ba ya kamawa, likitoci kuma sun fi son a gyara ta cikin kwana 1 ko 2, domin kowane kwanan kwanciya yana rage mata ƙarfi. A ɗauki jakar magungunanta, a tafi da masu ba da jini, kada a ɗura mata abinci a hanya.

To jama'a, kun ji. Warkarwa ta Allah ce, wuƙa tana hannun likita, amma makonnin da ke gabanta suna hannunmu, abin da ake bukata a cikinsu kuwa akwai shi a rumbunanmu da tsakar gidajenmu. Malam ya faɗa wa almajiransa da masu zuwa gaishe shi, ɗan kasuwa ya faɗa wa abokin rumfarsa. Wanda yake da tsoho a gida mai ɓoye kumburi a ƙarƙashin riga, ko mai daɗewa a makewayi fitsari yana ɗiga, ya lallashe shi su je a duba tun ana tafiya da ƙafa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa iyayenmu su gama da duniya lafiya.